Mai Mil da Nisan da Haske Ke Ci

Sana'ata facin taya ce. Rumfata tana bakin ƙofar wani garejin manyan motoci, inda ake lodin siminti da rodi ana kai su garuruwa masu nisa. A rumfar nan na tsufa. Karatuna bai yi zurfi ba, amma ya ishe ni in rubuta abin da idona ya gani, in dai ba a gaggauta ni ba. Labarin wani direba nake so in bayar, wanda muke kira Mai Mil.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Lokacin da ya fara tuƙi da mil ake auna hanya, akwai turaku farare a gefen kwalta, kowanne da lambarsa. Daga baya aka tumɓuke su aka kafa allunan kilomita. Kowa ya bi sabon awo, shi ya ƙi. Yakan ce kilomita awon masu gajen haƙuri ne, an gutsuttsura hanya don rago ya ji kamar ya yi nisa. Motarsa tsohuwa ce, agogonta da mil yake ƙirgawa, kuma ya hana makanikai su canza shi. Komai ka gaya masa, tambayarsa ɗaya ce. Ka ce masa an yi gobara a wani gari, ya ce mil nawa ne daga nan. Ranar da aka zo neman auren 'yarsa ma, kafin ya tambayi halin yaron sai da ya tambayi mil nawa ne zuwa gidansu.

'Yar nan ita kaɗai gare shi. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ƙanwarsa ta riƙe ta, shi kuma yana kan hanya yana nemo abin makaranta. Uwata yake kiranta. Ta yi karatu har ta zama malamar kimiyya a wata sakandare da ke bayan garejinmu.

Abin alfaharinsa a duniya guda ne, shi ne bai taɓa buge komai ba. "Ko kaza ban taɓa takewa ba," in ji shi, kuma gaskiya ya faɗa. Hanyar da yake bi tana cikin kansa kamar tsakar gidansa. Ya san inda rami yake, ya san inda kwalta ta karkata, ya san gangaren da ake saka ƙaramar giya tun kafin a hango shi. Sababbin direbobi wurinsa suke zuwa ɗaukar karatu. Ni kuwa shaidata a taya take. Tayoyin wasu sukan zo mini a yage, wili a lanƙwashe kamar an tauna. Nasa sai dai su suɗe sumul, daidai wa daida, tsufa ya kashe su ba rauni ba.

Wata rana da la'asar Malama ta biyo ta gareji daga makaranta, da jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa, ta kawo masa man shafawa na ciwon baya. Muna zaune a bencina muna shan shayi, ni da shi da Gajere. Gajere direba ne shi ma, tsohon abokinsa, hanyarsu ɗaya, tare ake yi musu lodi tare suke tashi.

Mai Mil ya ce, "Uwata, yau kuma wace ƙaryar kika shirga wa 'ya'yan mutane?"

Ta ce, "Baba, yau fanninka na shiga. Nisa na koyar."

"Kawo mu ji."

"Nisan da haske yake ci a shekara ɗaya."

"Haske tafiya yake yi? Ni na ɗauka da an kunna ya iso."

"Tafiya yake yi. Saurin ne ya yi yawa."

Ya ajiye kofi. Mu duka mun san abin da zai fito daga bakinsa, har Gajere ya riga shi faɗa, muka yi dariya.

Ta ce, "A littafi da kilomita aka rubuta, amma na san halinka, na juya maka shi tun a aji. Saura kaɗan ya cika mil tiriliyan shida."

Gajere ya ce, "Yarinya, yi mana da harshen mutane. Mu daga miliyan motarmu ta mutu."

"To, Baba Gajere, miliyan sau miliyan, har gida shida."

Ta ɗauki wani guntun ƙarfe da nake ɓamɓare taya da shi, ta rubuta shida a ƙasa, ta shiga jera mata sifili, tana ja da baya tana jerawa, har guda goma sha biyu, na ƙarshen ya je ya taɓa wata tsohuwar taya. Mai Mil ya sauko daga benci ya tsuguna, ya kai fuskarsa dab da ƙasa yana bin su da yatsa. A lokacin na ɗauka mamaki ne ya sa shi tsugunawa.

Ya ce, "Ba ya tsayawa shan mai? Ba shingen 'yan sanda?"

"Babu."

Na ce, "Ba ya faci kuma? Da duk matafiya irinsa ne da yunwa ta daɗe da kashe ni."

Mai Mil bai yi dariya ba. Ya ce, "Agogon motata ya cika ya koma sifili ban san sau nawa ba. Duk tafiyar da na yi tun ina saurayi, in aka haɗa ta fa?"

Ta ɗan yi lissafi a ka. "Baba, kafin ka kurɓi shayin nan sau uku ya cinye ta."

Na ga maganar ta taɓa shi, ita ma ta gani. Sai ta nemi ta sauya zancen, ta nuna sama da ƙarfen. "Ka ga ranar can? Ba ta yanzu kake gani ba. Haskenta ya baro ta fiye da minti takwas da suka wuce. Taurari kuwa, akwai wanda hasken da zai iso mana yau ya taso tun ba a haifi kakanka ba. Tsohon labari ido yake samu. Wataƙila tauraron ya canza tuni, mu muna nan muna kallon yadda yake a da."

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Wannan matsalar 'yan sama ce. Hanya ba ta yi wa mutum haka. Inda ka bar ta nan za ka same ta."

Bayan wannan da 'yan watanni tayoyinsa suka fara ba ni wani labari. Ta gaba ta dama ta zo da ƙari a gefe, irin wanda bakin rami ke yi. Na ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Tafiya ta gaba wili ya zo a lotse. Ta gaba kuma aka yanke gefen taya, kamar an goga ta da bakin kwalbati. Na tambaye shi inda abin ya faru, ya gaya mini wurin. Na tambayi wasu direbobi, suka ce ai sabon rami ne, damina ce ta buɗe shi, kuma ƙato ne, daga nesa ake hango shi. Na lura da abu ɗaya. Tsofaffin ramuka duk yana kauce musu kamar da. Sababbin ne yake faɗawa.

Na samu Gajere shi kaɗai yana wanke gilashin motarsa. Na nuna masa tayar. Ya daɗe yana matse tsumma.

Ya ce, "Ka ga bayan motata?"

Na zagaya na duba. An shafe ƙyauren baya da fenti ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido.

"Shi ya sayo fentin. Wai don kyau. Shekara talatin yana gaba ina bin ƙurarsa, bana ya ce in wuce gaba, wai ya gaji da jan ragamar yara. Bayana yake bi, Mai Faci. In na kauce ya kauce, in na taka birki ya taka. In wata mota ta shiga tsakaninmu, daga nan sai abin da ke cikin kansa. Ni ma ba barcin kirki nake yi ba. Ina tuƙa mota biyu da ido biyu."

"Ka yi masa magana?"

"Na yi. Ya ce in na gaji da abota in faɗa."

Na jira har ranar da muka kasance mu biyu a rumfa. Ina goga wa wani tif ɗin taya gam, ban ɗaga kai ba, na ce, "Direba, taya ba ta ƙarya."

"Mai faci ne ke yi mata."

"Idonka fa?"

Sai da gam ya bushe sannan ya ce, "Hazo-hazo ne kawai, in rana ta take. Da safe garau nake gani. Kuma ni ba da ido nake tuƙi ba. Ka ɗaure mini fuska ka ɗora ni a kan hanyar nan, in kai ka in dawo da kai, ruwan da ke kofinka bai zube ba."

"Hanyar da ka sani ko wadda ke can yanzu?"

"Kai ma ka shiga ajin Uwata ne?"

Ya tashi ya tafi, bai shanye shayinsa ba.

Washegari na tare Malama a hanyarta ta makaranta na gaya mata abin da na gani a taya da abin da Gajere ya faɗa. Ta tsaya riƙe da jakarta, ta ce, "Kawu, shi ya sa ya tsuguna."

Da ƙyar da siɗin goshi ta kai shi wurin likitan ido. Abin da aka gano shi ne yanar ido ce ta rufe idanun biyu, na hagu kuma akwai wata cutar a ƙarƙashin yanar wadda ta fi yanar muni, tana cin jijiyar ido a hankali. Likita ya ce a yi aiki da wuri, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya ajiye tuƙi tun daga ranar. Mai Mil ya san abin da hakan ke nufi a garejinmu. Mota ba ta zama babu direba. In ya yi wata biyu a kwance za a miƙa makullin ga wani yaro mai jini a jika, kuma ba manajan da zai mayar wa mai furfura da mota bayan an ji an taɓa masa ido.

A rumfata suka yi ta, uba da 'ya, ni ina tsakiya ina bugun tayar da ba ta bukatar bugu.

"Baba, ka ajiye. Albashina ya ishe mu."

"In zauna a gidan suruki ina jiran a zubo mini? Allah ya kiyaye."

"To zan je in gaya wa manaja da bakina."

Ya juyo ya dube ta, ko in ce ya dubi inda take. "Uwata, da sitiyarin nan na saya miki alli da littafi. In kika taka ofishin can da maganata, ban yafe ba."

Ban taɓa jin ya yi mata irin wannan magana ba. Ta ce, "Zuwa ƙarshen wata, Baba. In ba ka faɗa da kanka ba, zan ɗauki fushinka in je. Gara ka ƙi ni kana raye."

Ya ce ya ji. Ya ce tafiya biyu ta rage masa, kuma Gajere na gabansa, me zai faru.

Tafiyar farko suka je suka dawo lafiya. Ana gobe ta biyu aka kwantar da matar Gajere a asibiti, ya nemi hutu aka ba shi. Ya zo har rumfa yana roƙon Mai Mil ya ce shi ma ba shi da lafiya. Mai Mil ya yi dariya ya ce, "Kafin a haifi fentin bayan motarka nake bin hanyar nan."

Da safe ya kawo motar bakin rumfata a duba iska, an lafta mata siminti har ta durƙusa. Na zagaya tayoyin ina bugunsu da guduma, ina jan lokaci. Na ce masa ta baya ta ciki ba ta yi mini ba, ya bari in sauke ta. Ya sauko, ya shafa ta da tafin hannu, ya buga ta da dunƙule ya saurara.

"Lafiyarta ƙalau. Ka tsufa ba ka iya ƙarya ba, Mai Faci."

Ya hau ya tayar. Na aika a kira Malama daga aji, amma kafin ta iso ya bar gari.

Abin da ya faru daga bakinsa na ji, kuma direban da aka tura ya ɗauko motar ya tabbatar mini. Akwai wata gada a hanyar, bayanta kwalta ta miƙe santal, ba gari ba kwana, sannan a tarar da hawa mai tsawo. Kowane direban lodi ya san a wannan miƙen ake ba mota wuta don ta samu ƙarfin hawa. Mai Mil ne ma ya koya wa rabinsu haka. Ya iso wurin da tsakar rana, rana ta daki gilashi, gabansa duk ya zama fari kamar an shanya zane. Bai damu ba. Ya ji ƙarar gada a ƙarƙashin taya, ya san inda yake, ya taka.

A cikin makon nan ma'aikatan hanya suka fara gyara a wurin. Sun yanke rabin kwalta, sun jera ganguna cike da yashi, sun tsayar da mutum da jar tuta yana tsayar da motoci. Mutumin ya yi ta kaɗa tuta. Da ya ga motar ba ta da niyyar ragewa sai ya yi tsalle gefe. Mota ta kwashi ganguna, ɗaya ta tashi ta same shi a ƙugu. Mai Mil ya ce shi bai ga tuta ba, bai ga mutum ba. Ƙara ya ji, sannan ihu. Allah ya sa ya riƙe sitiyari har ta tsaya ba ta kife kan sauran ma'aikatan ba.

Mai tutar bai mutu ba. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, a bayan garinmu yake zaune. Ƙashin ƙugunsa ya karye, an yi masa aiki, ya tashi, amma ƙafar ta gajarce, kuma tsayuwar yini a bakin hanya ta ƙare masa. Aka yi zaman hukuma, aka karɓe lasin ɗin Mai Mil, kamfani ya ɗauki jinya. Shi da kansa ya gaya musu ba ya gani, tun kafin a tambaye shi. Malama ta yi ta zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da asibiti da aji har ta rame. Ban taɓa jin ta ce masa ai na gaya maka ba. Da ta faɗa wataƙila da ya fi masa sauƙi.

An yi masa aikin ido daga baya. Na dama ya buɗe. Na hagu an makara.

Ranar da ya fara dawowa rumfata, da baƙin tabarau da sanda, Malama ce ta rako shi. Motarsa tana cikin gareji an ba wani, har an cire tsohon agogon an sa na kilomita. Bai tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba. Gajere ya zo ya zauna a ƙarshen benci, ya kasa haɗa ido da shi. Na haɗa shayi.

Can Mai Mil ya ce, "Uwata, sake rubuta mini lambar nan."

Ta ɗauki ƙarfen ta rubuta shida, ta jera sifilin. Wannan karon daga zaune ya ƙirga su, yana nunawa da sanda, har na sha biyun.

Ya ce, "Duk wannan nisan yake ci a shekara, ba mai ba faci. Ya taso daga tutar bawan Allah nan, tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba, ya zo ƙofar idona, 'yar fatar da ba ta kai ɓawon albasa ba ta tare shi."

Ya sauke sandar, ya ci gaba.

"Ni kuwa ina ganin hanya, wallahi ina ganinta. Shimfiɗe, ba kowa a kanta. Ta bara nake gani."

Gajere ya ce, "Ƙaddara ce, Direba."

"Ƙaddara ba ta sayi fenti ba. Ni na saya."

Yanzu ba ya zama sosai a wurina. Yana zaune a gidan Malama, a ɗakin da ya rantse ba zai zauna ba. Da safe yakan ɗauki sandarsa ya tafi bayan gari da ƙafa, gidan mai tutar. Da farko matar gidan ba ta amsa sallamarsa, yakan tsaya a waje har rana ta yi zafi ya juyo. Daga baya aka fara ajiye masa kujera a ƙofa. Yana ɗebo musu ruwa a famfo, yana raka ƙananan 'ya'yan zuwa makaranta, yana tsallakar da su titi, yana riƙe da hannunsu gam yana juya kai duka don idon da ya rage ya duba hagu. Shi da maigidan ba su cika magana ba. An ce sukan zauna ne kawai, wannan da sandarsa, wannan da tasa.

Kwanakin baya ya biyo ta rumfata a hanyar dawowa, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya zauna yana haki. Wani sabon direba da ya ji labarin sunansa, bai ji sauran labarin ba, ya matso yana murmushi ya ce, "Baba Mai Mil, daga ina haka? Mil nawa ka ci yau?"

Ya daɗe yana kallon takalmansa.

Ya ce, "Ban auna ba."